Bencunan da Suka Tafi Bishara

Lahadi, 7 ga Afrilu
Yau ma ban je coci ba. Ba zan zauna a kujerar roba ba ko za a yanka ni. Bencunan da na ƙera da hannuna tun ba a haifi faston nan ba, ya sa aka kwashe su a mota ina kwance da ciwon baya, ko sallama ba a yi mini ba.

Amma lasifikarsu ta biyo ni har cikin shago. Wa'azi wai a kan manzon nan da ba ya nan ranar da Ubangiji ya bayyana wa sauran bayan tashinsa. Da aka faɗa masa, ya ce shi kam sai ya ga gurbin ƙusa ya sa yatsa. "Ina ya tafi da ba ya cikin 'yan'uwa?" Fasto sai maimaitawa yake. Ni ba yaro ba ne. Na san da wa yake.

Litinin, 8 ga Afrilu
Tsohuwata, matata ke nan, ta ce ba wanda ya ambace ni. "Maigida, kai ka ɗauka ka yafa." Ita ma ta koma bayansu.

Laraba, 10 ga Afrilu
Tela, wanda suka naɗa dattijon coci don yana da tabarau, ya wuce ta ƙofar shago: "Sai-na-taɓa, ina gajiya?" Yanzu duk layi ya kama sunan. Mutumin da ya ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo!

Ni a wurina manzon nan ya fi su hankali. Ka ga an binne maigidanka, sai waɗanda suka kulle kansu a ɗaki don tsoro su ce maka ya tashi? Ni ma da na tambaya.

Asabar, 13 ga Afrilu
Fasto ya zo da kansa, har da durƙusawa. Ban ba shi wurin zama ba, ya zauna a kan katako. Wai ba a yar da bencuna ba, an kai su wata sabuwar ikilisiya can bayan tashar mota, inda mutane ke zama a kan bulo. Na ce ƙarya ne, wuta aka sa musu, na ga hayaƙi a bayan coci. Ya ce shara ce. Ya ƙara da cewa wai manzon nan mai shakka daga baya ya fi kowa nisa da bishara. Na ce shi ya sani, ni bayana ke damuna.

"To Baba, je ka gani mana."

Dariya yake dannewa, na lura.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Na je, don in kama shi da ƙarya.

Ɗaki ne ba filasta, rabin rufin leda. Bencunana na ciki. To, wannan karon ya yi gaskiya. Na durƙusa na shafa ƙarƙashin ɗaya, sai yatsana ya ci karo da ƙusa. Ƙusa! Ni da fegin katako na haɗa su. Wani marar tausayi ya narka musu ƙusoshi har katako ya tsage.

Ina cikin masifa sai wata mai sayar da gawayi ta ce, "Baba, daga babban coci kake?" Na ce i. Sai tafi ya kaure. Ashe tun watan jiya aka yi musu alkawarin mai bishara suna ta jira, sun ga furfura da farar riga. Na ce ni kafinta ne. Ta ce ai Ubangiji ma kafinta ne. Suka tura ni gaba.

Me zan faɗa? Ni da karatuna na yaƙi da jahilci ne. Ba komai a kaina sai wa'azin da lasifika ta ɗura mini. Shi na juye musu, amma yadda ya kamata. Na ce manzon bai yi laifi ba. Sauran kuma ba su kore shi ba, ba su laƙa masa suna kamar wasu teloli ba, sun bar masa wurinsa har ya dawo. Ubangiji da ya zo, hannu ya miƙa masa.

Mai gawayi ta ce, "To, ya taɓa ɗin?"

Na buɗe baki. Ban sani ba.

Litinin, 15 ga Afrilu
Na sa tsohuwata ta karanta mini wurin a Littafi Mai Tsarki. Ba a ce ya taɓa ba. Gani kawai ya yi, ya ba da gaskiya. Bayan duk cika bakin nan. Abin ya tsaya mini a rai.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Tela: "Ashe an yi mai bishara!" Na ƙara wa zarto ƙarfi.

Fasto ya aiko ko zan riƙa leƙa su kafin a samu mutum. Na ce a gaya masa a'a. Har yau bai ba ni haƙuri ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Na koma da guduma da fegi. Ƙusoshi kawai na je cirewa.

Mai gawayi ta ce mijinta ya daina zuwa tun da ɗansu ya rasu, ya ce ba kowa a sama, ko zan yi masa magana. Na ce ni ba fasto ba ne. Na dai je. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke. Ban yi masa wa'azi ba, me na sani? Na riƙe masa taya. Ya ce ya yi addu'a a kan yaron har muryarsa ta dushe. Na ce na ji. Da zan tashi na ce akwai wuri a ƙarshen bencin baya, kusa da ƙofa, ba mai zama sai shi, ko zai shekara bai zo ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Bai zo ba. Wani ya so zama a wurin, na tashe shi.

Tsohuwata ta biyo ni yau, wai ta zo ganin ƙusoshin da ba sa ƙarewa. Sun ƙare tun wancan makon, ba sai kowa ya sani ba. Mutanen nan ba su iya ɗaga benci ba, ja suke yi a ƙasa. Dole wani ya sa ido.