Fasfona Yana Cikin Durowarka

Yaya Rabe,

Ka tafi kasuwar Baima ka manta wayarka a kan firji. Yaya Hafsat ta kira daga Ingila, na ɗauka. Sai jaje take min, wai an hana ni biza. Ta ce gidan hutun da ta kama mana a Wales yana bakin teku, har ta ware min ɗakin sama. Wai kusa da shi akwai tsohuwar fada ta dutse, da wani ɗan jirgin ƙasa mai hawa tsauni. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Me zan ce?

Tana kashewa na buɗe durowarka. Ga fasfona ƙarƙashin samfurin yadi, ga takardar gayyata mai sunana, ko ambulan ɗin ba a farke ba. Ashe naka da na matarka Anti Yalwa kaɗai ka kai ofishin biza.

Da ka ce mai gadin kaya kake so a watan Agusta, da na zauna. Teku ba ta dame ni ba. Amma Inna za ta je daga Kano, shekara uku ban sa ta a ido ba, kuma ka sani.

Na tafi Juma'a masallacin Huaisheng, daga can sai wajen abokina Abdulgafar. Kada ka biyo ni.

Ka kira Yaya Hafsat yau, ka faɗa mata da bakinka. Ta ce Inna tana can tana yi wa masu biza Allah ya isa, mutanen da ko hotona ba su gani ba.

Babayo