Ka Ce Mu Jira

Auta,

Sallama da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Jiya na koma asibitinku mayar da keken guragu da muka ara. A bakin sabuwar cibiyar hoto na ga an kafa babban allo, ga Baban yara a jiki, sanye da farar rigarsa, manya sun kewaye shi suna murmushi. A nan na gane. Ranar buɗewa ba don a duba shi kuka kira mu ba, don a ɗauke shi hoto ne.

Ka hana shi ko da koko tun safe, ka ce sai da yunwa na'urar hoton ke gano inda ciwon dajin ya bazu. Ya wuni yana ce mini, "Ƙaninki ya san aikinsa." Da yamma aka ce mu dawo wani lokaci.

Ka faɗa mini gaskiya.

Yayarka ce, wadda ta goya ka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, Allah ya ƙara haƙurin rashin Baban yara.

Na'urar lafiyarta ƙalau, ni na sa ido aka girka ta. Amma sai an ɗura wa majinyaci wani magani a jijiya kafin ta ga komai, kuma maganin ba ya kwana. Injin haɗa shi bai iso ba, daga nesa ake kawowa. Ranar an kawo. Babban baƙo ne ya makara, shugabanni suka ce kada a taɓa na'urar sai ya yanka zare. Kafin a gama jawabai maganin ya mutu.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne, Yaya. Ki bar ni in zo.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa.

Labarin rana ɗaya ka ba ni. Ni watannin nake tambaya. Likita ya ce mu tafi inda ake yin hoton tun yana iya hawa mota, kai ka ce mu jira, taku ta kusa, don me a wahalar da shi. A lokacin ka san injin bai iso ba?

Ka zo ka ga yara, su ba ruwansu. Inna kullum sa maka albarka take, wai ka tsaya wa mijin yayarka. Har yau ban gaya mata ba.

Yayarka.