Hannun da Ya Ƙi Riƙe Askar Tsaga

Zuwa ga yayana Ilu wanzami, a duk garin da Allah Ya ajiye ka.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, tare da durƙuso, ko da yake a takarda kaɗai zan iya durƙusawa, don gwiwata ba ta lanƙwasuwa yanzu.

Da farko ina sanar da kai cewa wannan rubutu nawa ne, da hannuna na yi shi. Na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Uwani, kuma malaminmu ya shaida a gaban jama'a cewa cikin manya babu wanda baƙinsa ya kai nawa tsayuwa. Na biyu, mutanenmu da suka dawo Inugu bayan sojoji sun kama garin sun naɗa ni Sarkin Aska. Ba zan ɓoye maka ba, ni kaɗai ne wanzami a unguwar, amma an yi naɗin da fatiha da goro kamar yadda ya kamata. Tunda ban san inda kake ba, zan ba da takardar a buga a jarida, ko wani ya karanta maka.

Ka tuna rabuwarmu a bakin gadar Anaca, lokacin da aka ce duk ɗan Arewa ya bar Gabas. Samari masu sanduna suka tsayar da motarmu. Ba su tambayi sunan kowa ba, fuska kawai suke dubawa. Ni ina can ciki tsakanin kayan mata, kai kana bakin ƙofa, kuma tsagar da Baba ya yi mana ita ta sa aka sauke ka. Ka wurgo mini zabirarka kana cewa, "Riƙe, Mamman, kada ka bar askar ta yi tsatsa." To, ba ta yi ba.

Ga abin da ya same ni. Da daminar bara na bi mahauta zuwa Fatakwal, muka sauka wajen kasuwar Oyil Mil, inda sauro ba ya jiran magariba. Zazzaɓi ya kayar da mu kusan gaba ɗaya, da ƙuraje da ciwon kai, duk wanda ya tashi sai ka gan shi yana tafiya a duƙe kamar tsoho. Zazzaɓin bai jima ba ya sake ni. Ciwon ne ya ƙi tafiya. Ya zauna a yatsuna da wuyan hannu da gwiwa da tsokar ƙafa, kullum da safe hannuna a kumbure, ko butar alwala ba na iya ɗagawa sai rana ta yi sama.

Na yi abin da kai ma za ka yi. Na ce sanyi ne ya shiga ƙashi, na kafa wa kaina ƙaho a gwiwa, jini baƙi ya fito, na ce ga mataccen jinin nan. Duk wanda muka dawo da ciwon tare, shi ma na kafa masa. Mukan ji sauƙi na ɗan lokaci, sai kumburin ya dawo inda yake.

Daga baya na je asibiti. Likitan ɗan Ibo ne da aka haifa a Zariya, Hausarsa tas. Ya ce wannan ba zazzaɓin da kinin ke magani ba ne, wata ƙwayar cuta ce dabam da sauro ke zubawa, takan nufi gaɓoɓi da tsoka ta maƙale. Ya ce a cikin jinin kowane mutum akwai dakaru da Allah Ya ajiye don tsaro. In baƙo ya shigo sai su yi cincirindo a inda yake, su zubo abubuwa masu zafi don su halaka shi, kuma zafin da kumburin da nake ji aikinsu ne. Na ce to madalla, yaushe za su gama? Ya ce ai cutar ta daɗe da barin jinina. Wataƙila ɓurɓushinta ne ya rage a gaɓoɓin suke ta faɗa da shi, wataƙila kuma labarin an gama ne bai kai musu ba. Shi kansa, in ji shi, bai tabbatar da wanne ba ne. Ya ba ni asfirin, ya ce in riƙa gasa hannu da ruwan ɗumi ina motsa yatsu, dalilin shigata aji ke nan. Ƙaho kuwa, ya ce in bari, jinin da nake zuƙewa lafiyayye ne.

Yaya, a nan hankalina ya tsaya. Ni mutum ne mai fahimta, kowa ya sani, amma na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga gabanta ba. In dakarun nawa ne, me ya sa ba su san gwiwata ba? In na roƙi Allah Ya ƙara musu ƙarfi, ciwona nake ƙarawa. In na roƙa Ya raunana su, gobe wa zai tsare ni? Har yau ban san wace addu'a zan yi ba. Kuma ashe duk jinin da muka zubar a ƙwarya, ni da kai da Baba, wanne ne a cikinsa mataccen?

Amma ba wannan ne babban dalilin takardata ba.

Makon jiya aka yi sunan ɗan Sule mahauci, haihuwar farko a unguwarmu tun dawowarmu. Ka san aikin wanzami da safe ne, da an raɗa suna. Ni kuwa safiya ce abokiyar gabata. Na roƙi a jinkirta zuwa bayan azahar, na ce akwai hikima a ciki, ban faɗi hikimar ba. Na jiƙa hannuna a ruwan ɗumi har yatsun suka saki. Na yi wa jaririn aski tas, ko ƙwarzane babu, da kana nan da ka yaba.

Sai tsaga. Kakar yaron, Iya Gambo, ta juyo mini kumatunsa, ta ce irin ta gidansu take so, ta nuna tata fuskar. Na ɗauko ƙaramar askarka. Babban yatsana ya ƙi rufuwa a kanta. Na sake gwadawa, ya ƙi. Yaron yana barci a cinyarta, fuskarsa sumul. Na mayar da askar zabira.

Iya Gambo ta ce, "Yaron da ba shi da tsaga, in ya ɓata da me za a neme shi?" Sule kuwa, shi ma a wata mota irin tamu ya rasa ƙanensa. Sai ya ce, "Sarkin Aska, bar mini shi haka."

Yanzu unguwa ta rabu. Wasu na cewa hannuna ya mutu, a aika Makurɗi a nemo wani wanzami. Wasu na cewa da gangan na yi. Ni da abin ya faru a jikina ban sani ba. Hannun da ya yi askin nan ɗazu-ɗazu, me ya hana shi? Dakarun likita ne suka riƙe yatsan, ko bakin gadar Anaca ne? Kai kaɗai za ka iya raba mini wannan, don kai ka koya mini riƙon aska. Iya Gambo ta ce kafin arba'in za ta dawo mini da yaron, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Maganarta ba ta bar ni ba, Yaya, don gaskiya ce. Ba ni da hotonka. Duk inda na je cigiyarka, fuskata nake nunawa, in ce ku duba, irin wannan ce.

Allah Ya tsare ka in kana raye, Ya yi maka rahama in ka riga mu. Allah Ya kai wa masu faɗa labarin an gama, na cikin ƙasa da na cikin jiki. Ya raya ɗan Sule, ko da tsaga ko babu, amin.

Duk wanda ya karanta wannan, in ya ga dogon mutum, baƙi, mai tsaga daga gefen baki zuwa kunne da bille a kuncin hagu, don Allah kada ya tsorata shi da kallo. Ya yi masa sallama tukuna, sannan ya ce masa zabirarsa tana Uwani.

Naka ƙani mai biyayya,
Mamman, Sarkin Askan Uwani, Inugu.