Katakon da Na Ɗaura a Kuloci

Litinin, 3 ga Yuni
Ruwa ya sauka jiya, ƙasa ta yi laushi. Gona uku ke jiran huɗa, kuma daga ni sai ƙanena, ga ciwon bayan nan da ba ya barina in yi awa biyu a kan tarakta. Yau na ɗora ɗana Direba a kai. Shekararsa goma sha ɗaya, amma tun yana rarrafe yake wasa da sitiyari, har sunan ya bi shi. Ƙafarsa ba ta kai kuloci ba, sai na yanko guntun katako na ɗaure a kai da waya. Ya yi layi huɗu, na uku ne kawai ya karkace. Ƙanena sai tsokanarsa yake, wai nan da baɗi mu biyu za mu koma 'yan kallo.

Uwarsa ta ce yaro ne fa. Na ce ina da shekara tara Baba ya ɗora ni, ga ni nan da yatsuna goma. Daga baya na ji yadda take ajiye kwanuka.

Laraba, 5 ga Yuni
Ya gama gonar bakin rafi shi kaɗai. Ya shigo gida yana tafiya irin ta manya, har da neman ruwan wanka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Asibiti. Ba zan iya rubutu ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko kaina zai daina maimaita shi.

Da hantsi ne. Za mu cire garma mu ɗaura tirela don kai taki. Ƙanena ya shiga tsakanin tarakta da tirelar da fil ɗin da ake haɗa su da shi a hannunsa, ya ce Direba ya yo ribas a hankali. Ni ina gefe ina kwance bakin buhu. Na ji ƙanena yana cewa kaɗan, kaɗan, tsaya. Sai injin ya zabura.

Katakon ne ya juya a ƙarƙashin takalminsa, ƙafar ta zame, kuloci ya saki gaba ɗaya. Ƙarfen tarakta ya haɗa cinyar ƙanena da na tirela. Bai yi ihu ba da farko, wani irin numfashi kawai ya ja. Na yi ta ce wa yaron ya kashe, ya kashe, shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallona kamar bai san ni ba. Ni na haye na murɗe makulli.

Maƙwabcinmu ne ya kai mu a motarsa. Na ɗaure cinyar da rigata. Sai da muka yi nisa na tuna na bar yaron a gona. Uwarsa ta ce da ta je, yana nan kan kujerar, ya jiƙa wandonsa, sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Talata, 11 ga Yuni
Sun yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likita ya tambayi wa ke tuƙi. Na ce ɗana. Ya ce shekararsa nawa. Na faɗa. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ya ci gaba da rubutu. Da ma zagina ya yi.

Juma'a, 14 ga Yuni
'Yan dubiya na ta zuwa. Duk wanda ya tambaya sai in ce tsautsayi ne, ƙafar yaro ce ta zame. Yau na faɗa sau shida ko bakwai. Gaskiya ce ai, ƙafar ta zame.

Matar ƙanena tana gaishe ni yadda ta saba, "Yaya, sannu da zuwa," ta shimfiɗa min tabarma a barandar asibitin, amma ba ta haɗa ido da ni. Cikinta wata bakwai.

Laraba, 19 ga Yuni
Yaron ba ya cin abinci sai an tsare shi. Makaranta ma ya daina zuwa, wai wani a ajinsu ya tambaye shi ko da gaske shi ya yanke wa baffansa ƙafa. Ba wanda ke kiransa Direba yanzu, ƙannensa ma sun daina ba tare da an hana su ba.

Na hau tarakta da kaina na gama gona ta biyu. Da na kunna injin, an ce ya shige bayan buhunan masara a sito ya toshe kunnuwa.

Lahadi, 23 ga Yuni
Mun yi faɗa da uwarsa, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na ce duk yankin nan haka ake yi, ɗan wa aka jira ya girma kafin ya hau? Ta ce ita ba 'ya'yan yanki ta haifa ba. Sannan ta ce, "Kullum yana jin ka kana cewa ƙafarsa ce ta zame. Ba ka taɓa faɗa wa kowa wanda ya ɗaura katakon ba."

Na fita. Na zagaya gona har azahar ba abin da na yi.

Litinin, 1 ga Yuli
An sallamo ƙanena. Ya rame, wuyansa duk ya fito. Muna shigar da shi ɗaki ya ce a kira masa yaron. Yaron ya ƙi zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon inda zanin ya lotsa a gurbin ƙafar. Ƙanena ya yi ƙoƙarin wasa, wai yanzu takalmi ɗaya zai riƙa saya, ya huta. Ba wanda ya yi dariya. Yaron ya juya da gudu.

Da muka rage mu biyu ƙanena ya ce shi ma bai kamata ya shiga tsakani ba alhali ya san wanda ke kan kujera. Sannan ya ce, "Mu biyu ne manya a wurin, Yaya."

Alhamis, 4 ga Yuli
Taki ya ƙare, gobe sai an je gari. Ciwon bayan nan ya matsa min, amma na gama gona ta uku.

Da la'asar na sami yaron a bayan sito yana tona ƙasa da tsinke. Na zauna kusa da shi. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi. Na ce masa ni na ɗora shi, ni na ɗaura waya ba ta kama ba, kuma ko babba ne a kujerar nan katakon zai juya. Na ce ba shi ba ne. Bai ɗago ba. Can ya tambaya ko Baffa yana jin haushinsa, na ce a'a, kullum sai ya tambaye shi. Ya ci gaba da tonon ƙasarsa.

Ya ci abinci yau, kusan rabin kwano. Maƙwabci ya leƙo dubiya ya sake tambayar yadda aka yi. Na ba shi labarin, amma ba kamar yadda na saba ba.