Ranar da Aka Share Shafin Mama

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da Baba. Ya ƙafar tasa?

Albishirinki! Burauzar nan, manhajar buɗe shafukan intanet mai nuna rubutu zalla, wadda na haɗa wa tsohuwar kwamfutar Baba tun ina makaranta, na gama sabunta ta. Wata takwas ina fama da ita. Kada ki raina ta, yanzu masu tsofaffin kwamfutoci sama da dubu ke amfani da ita. Sabuwar tana buɗe shafi kafin ki ƙifta ido, tana ƙara girman haruffa, kuma tana tsaftace ma'ajiyarta da kanta don kada faifai ya cika.

Babban abin shi ne yanzu tana nuna hoto, dishi-dishi dai, amma ana gane fuska. Kin tuna layin nan na shafin da Mama ke rubutu a intanet kafin ta rasu, "[hoto: ni da Malam a bakin ƙofa]"? Shekara shida Baba yana karanta shi bai taɓa ganin hoton ba. Dominsa na yi.

Ga filas nan cikin ambulan. Ki soka shi a kwamfutar, duk abin da ta tambaya ki danna "eh". Kada ki gaya masa, so nake ya gani kwatsam.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Mun ga saƙo, muna lafiya, ina fatan kai ma haka.

Na yi yadda ka ce. Na danna "eh" sau uku kamar wawiya, ban karanta komai ba, tunda injiniyan gidanmu ne ya aiko.

Da safe Baba ya zauna, ya goge madannan da hankicinsa yadda yake yi wa tafiretarsa ta ofis a da, ya danna harafin da ke kai shi shafin Mama. Allon ya ce ba a sami shafin ba. Ya sake dannawa. Ina tsaye a bayansa na ƙirga sau goma sha ɗaya. Sannan ya juyo ya tambaye ni, a hankali, ko wayar ce ta kwance.

Wane hoto kake son nuna masa? Kamfanin da ya ba Mama shafin ya rufe shekara uku ke nan. Na gaya maka a waya a lokacin, ka ce, "To, zan duba." Abin da Baba ke karantawa kullum kwafin da burauzarka ta ajiye ne a cikin kwamfutar, shi kaɗai ya rage. Rubutu arba'in da uku. Ranar da ta karɓi haihuwar farko tana sabuwar ungozoma. Faɗansu da Baba a kan fentin falo. Ranar da ka haɗiye maɓallin riga ta kwana biyu tana bincikar fo ɗinka. Da ka zo gida ko sau ɗaya cikin shekarun nan ka zauna kusa da shi, da ka san wannan.

Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi ci mini rai. Ya ɗauko zanen da ake rufe kwamfutar da shi ya rufe ta. Yau kwana biyar yana zama a kujerar, hannuwansa a gwiwa.

Idan akwai yadda za a dawo da su, ka faɗa mini ba tare da dogon turanci ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, in ya yarda ya amsa.

Babu yadda za a yi. Sabuwar tana share duk shafin da ya wuce shekara a ma'ajiya, sannan ta rubuta sabon tsari a gurbinsa. Ni na tsara ta haka, har ina alfahari. Na bi duk rumbunan intanet da ke ajiye tsofaffin shafuka, na rubuta wa mutum huɗu da suka yi aiki a kamfanin. Ɗaya ne ya amsa, ya ce an daɗe da sayar da na'urorin.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A takardar bayanin da na rubuta wa baƙin da ke amfani da ita, layi na goma sha huɗu ya ce a kwafi ma'ajiya kafin a sabunta. Su na gargaɗe su. Ke kuwa na ce ki danna "eh". Hoton ma ashe bai taɓa shiga kwamfutar ba, tsohuwar ba ta ɗauko hoto, sunansa kawai take ɗaukowa. Da na yi tunanin minti ɗaya da na gane.

Na gyara. Ga wani filas, wannan ba ta share komai sai ta tambaya. Na san gyaran banza ne. Kunya ta hana ni kiransa. Kin gaya masa ni ne? Zan iya zuwa ƙarshen wata?

Ki yafe mini,
Auta

Auta,

Gaisuwarka ta iso, ya amsa.

Ban gaya masa ba, ba sai na faɗa ba. Sunanka na ƙasan allon duk lokacin da aka kunna.

Ya buɗe kwamfutar, yana buga rubutun Mama da ka. Ya tuno tara, ya maƙale a na goma. Jiya ya tambaye ni ko "bakin ƙofa" ta ce ko "ƙofar gida", ni ma na kasa tunawa. Kada ka zo wannan watan, ni ce ban shirya ganinka ba.

Na saka gyaran naka, yana aiki. Yau da safe ta tambaye shi ko yana so a share ma'ajiya. Babu komai a cikinta. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya danna "a'a".

Sai wani lokaci,
Yayarka