Muryar Auta a Kwamfutar Shago

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayar da ka saya min tana ƙarƙashin katifa a kashe, ba na son ganinta.

Na san alheri ka nufa. Ka ga tawa ta tsage, ka karɓe ta ana cikin zaman makoki, ka kawo min mai tsada. Amma da na buɗe wurin hirarmu da Auta, wayam. Kullum kafin ta shiga shago sai ta turo min murya: "Inna, kin sha maganinki? Ban da ƙarya, ina ganewa daga numfashinki." Tunda motar nan ta raba ni da 'yata, ta farfasa wayarta, muryoyin nan su ne abin da ya rage min. Mai gyara ya ce tsohuwar da sabuwar ba gidansu ɗaya ba, hira ba ta tsallakowa haka kawai.

Ka dawo min da tsohuwata, da tsagewarta da komai. A gaida yara.

Yayarka.

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Wallahi ban san akwai abu a ciki ba. Musanya na yi da ita a kasuwa, na koma kuma na tarar sun goge ta tas, har an saye. Amma haba Yaya, wannan zamanin ai abu ba ya ɓata. Layin Auta yana hannuna, a cikin kayanta da asibiti suka ba ni. Ki bar min komai, ni na ɓata, ni zan gyara. Ki kunna waya don Allah, takarda sai ka ce zamanin kakanninmu!

Ƙanenki.

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi. Ni ce abokiyar aikin Auta a shagon buga takardu, wadda muke zama kujera da kujera. An ce min ba kya ɗaukar waya, shi ya sa na ba direban unguwarku wannan.

Auta takan buɗe hirarta a kwamfutar shago saboda masu turo aiki. Har yau a buɗe take, ban bar kowa ya taɓa ba. Duk muryoyin da ta turo miki suna nan, nata ɓangaren. Ki zo ki ji. Na yi wa maigidanmu magana, ya ce ranar da aiki ya lafa za mu kwashe miki su.

Abu ɗaya, Inna: kada kowa ya sa layinta a wata waya ya buɗe hirar. Ana yin haka kwamfutar za ta rufe nata, kuma ba ta dawowa.

Allah ya jiƙanta. 'Yarki.

Ƙanena,

Gaisuwa. Na je shagon. Kofin shayin Auta yana nan bayan injin, da ɗankwalin da take rufe kwamfutar da shi saboda ƙura. Yarinyar ta sa min abin ji a kunne ta danna. Sai ga Auta, tana tauna wani abu tana magana, halin da na yi ta yi mata faɗa a kai. "Inna, takalmin nan da kika ce ya yi miki kaɗan, ƙafarki ce ta yi girma, ba ruwan takalmi." Ta yi dariya har da tari.

Guda ɗaya na iya ji. Na ce a bar sauran, zan dawo in na samu ƙarfi.

Layinta da ke hannunka, don girman Allah kada ka sa shi a kowace waya. Ka ajiye shi kawai. Direba ya ce sai jibi zai bi ta wajenku.

Yayarka.

Yaya,

Albishirinki! Ban ji daga gare ki ba, na kira kuma a kashe, sai kawai na yi gaba. Na sa layin Auta a waya irin taki, na buɗe hirar da lambarta. Hotonta ma ya fito. Saƙonnin ba su sauko ba tukuna, amma yaron da ya haɗa min ya ce wataƙila sai a hankali. Ba na gaya miki ba? Ki shirya tukwici.

Ƙanenki.

Ƙanena,

Salam. Takardunmu sun yi saɓani a hanya.

Na koma shagon. Ba abin da ke jikin kwamfutar sai wani zane mai ɗige-ɗige kamar bayan zabuwa. Yarinyar na kuka, ni nake ba ta haƙuri.

Da na kunna waya na kira ka, da ba haka ba. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Naka kuma na yafe, don uwa ɗaya ta haife mu. Amma ina roƙonka, kada ka ƙara yi min gyara.

Ka aiko min da layin. Zan sa shi cikin takalmin nan da Auta ta yi min dariya a kansa, ya zauna.

Yayarka.