Kaset Ɗinki Zai Isa Kumasi

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta dace daga 'ya zuwa ga mahaifiyarta, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida miki cewa tafiyar nan ta tabbata. Bayan Ƙaramar Salla, in Allah Ya kai mu, ni da surukinki za mu kama hanyar Kumasi, wurin yayarki, Inna Hajara.

Ba a jirgi ba, Umma, kada ki yi mini dariya. A mota za mu tafi, mu ratsa Binin da Togo kafin mu shiga Gana.

Kin tuna yadda kike kama ni a bayan ƙofa da littafin haya a ɓoye cikin littafin lissafi? A cikin irin littattafan nan, amarya ba ta san tasha ba, sai dai filin jirgi da jaka mai taya. Kya tsaya kaina ki ce, "Sa'a, su mutanen littafin nan ba sa jin yunwa ne? Tuwonki ya sandare." Ni kuma in ce idan na yi aure a jirgi zan kai ki Gana. Duk wasan da kike yi, da zarar na ambaci Gana sai ki juya ki koma madafa.

Da ba haka kike ba. Ina ƙarama, a gidanmu na Tudun Ƙofa, ranar da Malam Sale direban motar goro ya sauka a Keffi ranar biki ce, domin shi yake kawo kaset ɗin Inna Hajara naɗe cikin leda. Sai a sayo sabon batir, a shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, a ɗora rediyo kan turmi. Inna ta gaida kowa da sunansa, da Hausarta da ta ɗauko wani lanƙwasa na can, har akuyarki mai karyayyen ƙaho sai ta tambaya. Ke kuma kina amsa mata, "Lafiya lau, Yaya," kamar tana zaune kusa da ke. Washegari ki ɗauki naki ki ba Malam Sale.

Sai Kaka ya rasu, mahaifinku, Inna ba ta zo ba. Kaset ɗin ta'aziyyarta ya iso bayan an yi sadakar arba'in. Ba ki bari ya kai rabi ba kika kashe. Wasu biyu suka biyo baya, ba ki amsa ba, daga nan suka daina zuwa.

Shekaru suka wuce. Wata hantsi, a shekarar da ciwo ya fara kayar da ke, kika kore mu duka waje kika rufe ɗaki da rediyon. Kin daɗe. Da kika fito idanunki sun yi ja, kika aika a nemo Malam Sale. Ashe ya daɗe da barin goro, ya koma jigilar yashi zuwa Mararaba da Abuja, inda gine-gine ke tashi kullum. Kowa ya koma waya, ke kuma ba ki da lambar Inna. Ba ki sake tayar da maganar ba har kika bar mu.

A bara na buɗe kwallarki, na sami kaset ɗin da kika ɗauka ran nan ƙarƙashin turamen zannuwa, ɗaure cikin kallabi, da sunan Inna da ajami a jiki.

Maman Grace, maƙwabciyarmu 'yar Agwada, wadda ke zuwa sarin atamfa Kwatano, ita ta yi ta cigiya wurin 'yan kasuwa har ta samo mini lambar ɗan Inna. Ya ce tana raye, amma ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi. Ya ce tun da labarin rasuwarki ya same ta, tambaya ɗaya take maimaitawa: "Ko ƙanwata ta huce kafin ta tafi?"

Shi ya sa muke shiri. Surukinki ya zana hanyar a bayan tsohuwar kalanda, da jan biron da yake duba aikin ɗalibansa na makarantar Liman Abaji: Legas, Kwatano, Lome, sai Gana. Mun yi fasfo. An yi mana allurar shawara saboda katin da ake tambaya a kan iyaka, hannuna ya kumbura kwana biyu. Na ɗauki adashina, leshin Salla kuma na haƙura da shi bana. Zan yi dambun nama da ƙuli-ƙuli, mu riƙe garin kwaki, don kada abincin hanya ya cinye mu. Maman Grace ta haɗa mu da wata ƙawarta da za ta sauke mu a Kwatano, ta kuma ɗinka mini aljihu a cikin siket. Kullum sai ta ja mini kunne: "Amarya, kar ki canza kuɗi duka a boda, kuma ki bar wannan kallon sama naki, ki kalli jakarki."

Surukinki, Allah Ya saka masa, ya taɓa cewa mu juye kaset ɗin a waya mu tura, mu huta da wahala. Na ƙi. Ke kika hana ni buɗe ko ƙunshin daddawa idan na wani ne, balle wannan. Kuma tsohuwar da ba ta ji sosai tana bukatar wanda zai zauna kusa da ita, ya mayar mata baya duk inda ta rasa.

Amma ki yafe mini, Umma, na yi laifi sau ɗaya. Ranar da aka gyaro rediyon na ce gwadawa kawai zan yi. Na danna. Na ji kin yi gyaran murya, irin naki, sau biyu. Kika yi sallama. Sai kika ce, "Yaya." Na kashe, na zauna a ƙasa ina kuka har shinkafa ta kama.

Saboda haka ban san me kika faɗa ba. Akwai ranakun da tsoro ke kama ni: idan faɗa ne fa? In ƙetare iyaka uku in kai wa makauniyar tsohuwa ciwon da ba ta da sauran wanda za ta ba haƙuri a kansa? A littattafaina ina leƙa shafin ƙarshe in hankalina ya tashi. Wannan na hana kaina.

Sai dai na san muryarki idan kina fushi, na sha ta. Wannan "Yaya" ɗin ba ta fushi ba ce. Irin ta gindin mangwaro ce. Da ita na dogara na biya kuɗin mota.

Rediyon na cikin jaka, naɗe da kallabinki, da batir sabo. Zan ɗora shi kusa da kunnenta, in riƙe hannunta, mu ji sauran tare.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya ara wa Inna kwana har mu iso. Ya kai mu lafiya, Ya haɗa ku ke da yayarki a gidan da ba a aike.

Taki har kullum,
'yar autarki, Sa'adatu